Rubutun tafiye-tafiye: Tarihinsa da yadda ake shiga sana'ar rubuta wa mujallu

Rubutun tafiye-tafiye wani fanni ne na adabi da aikin jarida, inda mutum kan je wani wuri da ƙafarsa, ya gani da idonsa, sannan ya ba waɗanda ba su je ba labari.

Fannin dai ya girmi jarida da mujalla da ɗaruruwan shekaru. Amma a yau akasarin masu yin sa marubuta ne masu zaman kansu, waɗanda ba su da albashi a ƙarshen wata, sai abin da edita ya saya daga hannunsu.

Daga nesa aikin na da ban sha'awa, domin ana ganin kamar biyan mutum ake yi ya yi yawon duniya. Sai dai wanda ya shiga cikinsa kan tarar cewa neman amincewar edita, da bincike, da gyaran rubutu, da bin kuɗin aiki, sun fi tafiyar kanta cin lokaci.

Asalin fannin

A duniyar Musulmi, aikin Hajji da neman ilimi ne suka haifar da irin wannan rubutu, wanda Larabawa ke kira rihla.

Ibn Jubair, wani malami daga Andalus, ya bar birnin Garnaɗa a shekarar 1183 zuwa Makka, ya kuma koma gida a 1185. Ya rubuta abin da ya gani a Masar da Hijaz da Iraƙi da Sham, har da yadda jami'an kwastan na Iskandariyya suka binciki kayan alhazai.

Wanda ya fi shahara shi ne Ibn Battuta, wanda aka haifa a birnin Tanja na ƙasar Maroko a 1304. Ya fita da niyyar Hajji a 1325, amma sai da ya shafe kusan shekaru 30 yana yawo, inda aka ƙiyasta ya ci tafiyar kimanin kilomita 120,000.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta daular Mali, daga 1352 zuwa 1353, kuma a hanyarsa ta komawa ya bi ta garin Takedda, wanda ke cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu.

Ba shi ne ya rubuta littafin da hannunsa ba. Sarkin Maroko Abu Inan ne ya sa wani marubuci mai suna Ibn Juzayy ya zauna da shi yana ɗaukar bayani, aka kuma kammala aikin a 1355.

Haka abin ya kasance a Turai. Marco Polo, ɗan birnin Banis na Italiya, ya ba da labarin tafiyarsa zuwa ƙasar Sin ne ga wani marubuci mai suna Rustichello, lokacin da suke tsare tare a kurkukun birnin Jenowa wajejen shekarar 1298.

Wato tun farko, aikin na buƙatar abubuwa uku: wanda ya yi tafiyar, da wanda ya gyara labarin, da kuma wanda ya ɗauki nauyi. Har yanzu a kan waɗannan ukun sana'ar take tsaye.

Turawa a ƙasar Hausa

A ƙarni na 19, gwamnatocin Turai da ƙungiyoyin nazarin ƙasa sun riƙa tura mutane Afirka, su kuma suna komawa su wallafa littattafan da ake rububin saye.

Hugh Clapperton ɗan Birtaniya ya isa Kano a farkon shekarar 1824, daga nan ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A zuwansa na biyu ne ya mutu a can, a 1827.

Heinrich Barth, Bajamushe da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya tashi daga Tarabulus a 1850, ya bi ta Agadas, ya shiga Kano a farkon 1851. Daga baya ya je Kukawa da Yola da Sakkwato da Gwandu da Tumbuktu, bai koma Turai ba sai a 1855.

Barth ya koyi Hausa da Barbarci baya ga Larabci, yana kuma kiran kansa Abdulkarim. Littafinsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, har yanzu masana tarihi na dogaro da bayaninsa kan kasuwar Kano da cinikin tufafin da ake saƙawa ana rinawa a birnin.

Sai dai irin waɗannan rubuce-rubuce sun kuma share wa 'yan mulkin mallaka hanya, domin sun nuna musu hanyoyi da koguna da ƙarfin kowace masarauta.

Hausawan da suka rubuta tafiyarsu

Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran tafiya da aka rubuta da harshen Hausa shi ne na Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya kuma bi Barth zuwa Ingila a 1855.

A can ne wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön ya rubuta labarin daga bakinsa, ya sanya shi cikin littafin Magana Hausa na shekarar 1885. A cikinsa Bahaushe ne ke kallon Turawa yana bayyana al'adunsu. Dorugu ya rasu a Kano a 1912.

A shekarar 1943, Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, yana cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Daga wannan tafiya ne ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944.

Malam Aminu Kano shi ma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama, wanda ya fito a 1955, kan abin da ya gani a tafiyarsa ta Turai.

A kudancin Najeriya kuwa, Olabisi Ajala ya yi suna da zagaya ƙasashe a kan babur ɗin Vespa, ya kuma wallafa littafinsa An African Abroad a 1963.

Zuwan jaridu da mujallu

Jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi ne suka mayar da tafiya abin da matsakaicin mutum zai iya yi. Thomas Cook ya shirya balaguronsa na farko na jama'a a jirgin ƙasa a Ingila a 1841, yayin da kamfanonin Baedeker a Jamus da John Murray a Landan suka shiga buga littattafan jagorar matafiya.

Jaridu suka gano cewa labarin tafiya na sa a sayi jarida. Wata jaridar birnin San Faransisko ce ta biya wa Mark Twain kuɗin jirgin ruwa zuwa Turai da Gabas ta Tsakiya a 1867, wasiƙun da ya riƙa aikowa kuma suka zama littafinsa The Innocents Abroad a 1869.

A 1889 jaridar New York World ta tura Nellie Bly ta zagaya duniya, ta kuma kammala cikin kwanaki 72.

Mujallar National Geographic ta fara fitowa a 1888, Travel + Leisure a 1971, sai Condé Nast Traveler a 1987. Kamfanin Lonely Planet kuwa, Tony da Maureen Wheeler ne suka kafa shi a 1973, bayan sun ratsa Asiya ta ƙasa daga Ingila zuwa Ostireliya da ɗan guzuri kaɗan.

A wannan lokacin ne kuma littattafai irin su The Great Railway Bazaar na Paul Theroux, na 1975, da In Patagonia na Bruce Chatwin, na 1977, suka farfaɗo da fannin a matsayin adabi.

Wane ne marubuci mai zaman kansa?

Shi ne wanda ba ma'aikacin kowace kafa ba ne. Yakan sayar da labari ɗaya ga wannan mujalla, wani ga waccan, a biya shi a kan kowane aiki.

Ba shi da albashi ko fansho ko hutun shekara. Kwamfuta da kyamara da kuɗin intanet, a lokuta da dama har da kuɗin mota da masauki, duk daga aljihunsa suke fita.

Mujallun tafiye-tafiye sun dogara da irin waɗannan marubuta ne saboda ba zai yiwu su ajiye ma'aikaci a kowace ƙasa ba.

Rubutun da ake saya iri-iri ne. Akwai gajeren bayani na shafukan farko na mujalla, mai kalmomi 200 zuwa 500. Akwai bayanin jagora, wato inda za a sauka, da abin da za a ci, da nawa za a kashe. Akwai kuma dogon labari na tsakiyar mujalla mai kalmomi 2,000 ko fiye.

Da wuya edita ya ba wanda bai sani ba dogon labari. A al'ada ta gajerun shafuka ake shiga, idan mutum ya cika alƙawari sau biyu ko uku sannan a amince masa da babban aiki.

Ba a cika tambayar takardar shaidar digiri ba. Abin da edita ke nema shi ne ya ga rubutun da aka taɓa wallafa wa mutum, ko da a ƙaramar jarida ce ta garinsu. Shi ya sa ake shawartar sabon shiga ya fara da abin da ke kusa da shi, kafin ya ci bashin kuɗin jirgi.

Wuri daban, labari daban

Kuskuren da ya fi yawa ga sababbin marubuta shi ne su aika wa edita sunan gari kawai, su ce suna son yin rubutu a kansa.

Wanda ya ce zai yi rubutu kan Kano bai ce komai ba tukuna, domin an sha yi. Amma wanda ya ce zai bi wani marini guda a marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce an kafa ta tun 1498, ya ga ko 'ya'yansa za su gaji sana'ar a daidai lokacin da yadin ƙasashen waje ya cika kasuwa, to ya kawo labari. Akwai mutum a ciki, akwai abin da ake fargabar rasawa, akwai kuma tambayar da mai karatu zai so ya ji amsarta.

Abu na biyu da edita kan tambaya shi ne dalilin da ya sa sai yanzu. Buɗe sabuwar hanyar jirgin ƙasa, ko cikar wani wuri shekaru 100, ko wata karramawa ta duniya, duk suna iya zama dalili.

Alal misali, hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, ta amince da bikin kamun kifi na Argungu a 2016, sannan hawan salla na Kano a watan Disambar 2024. Kowanne daga cikinsu dama ce ga marubucin da ya shirya tun kafin a sanar.

Lokaci ma na da muhimmanci. Mujallar wata-wata kan tsara shafukanta watanni uku zuwa shida kafin fitowa, don haka mai son a buga labarin wani biki ya zo daidai da lokacinsa, tilas ya yi tayi tun da sauran watanni.

Wasiƙar tayi

Yawancin mujallu ba sa son a aiko musu da kammalallen labari. Abin da suke so shi ne gajeriyar wasiƙa ta imel da ke tallata shi, wadda ba ta wuce shafi guda ba.

Wasiƙar kan fara da sakin layi ɗaya da ke nuna yadda labarin zai buɗe, domin ta nan ne edita zai gane ko mutum ya iya rubutu.

Daga nan sai bayanin abin da labarin ya ƙunsa, da mutanen da za a yi hira da su, da sashen mujallar da ya dace da shi, da yawan kalmomi, da kuma ko akwai hotuna.

A ƙarshe marubucin ya faɗi a taƙaice ko shi wane ne, da abin da ya sa shi ne ya dace da aikin, kamar jin harshen mutanen wurin, ya kuma haɗa da rubutunsa biyu ko uku da aka taɓa bugawa.

Kafin duk wannan, wajibi ne a karanta mujallar sosai, a duba ko ta taɓa buga makamancin labarin a 'yan shekarun baya. Mujallu da dama na sanya ƙa'idojinsu na karɓar rubutu a shafukansu na intanet, kuma sunayen editoci na cikin shafukan farko na kowace fitowa.

Shiru shi ne amsar da aka fi samu. Al'adar da aka saba ita ce a jira mako ɗaya ko biyu, a yi tuni sau ɗaya cikin ladabi, in ba a ji komai ba a kai tayin wani wuri. Abin da editoci ba sa yafewa shi ne a sayar wa mujallu biyu masu gasa da juna labari ɗaya.

Kuɗi da yarjejeniya

Ana biya ne ko dai a kan kowace kalma, ko kuma a yanke kuɗi dunƙule a kan labarin baki ɗaya.

A Amurka an daɗe ana ɗaukar dala ɗaya kan kowace kalma a matsayin ma'aunin manyan mujallu. Wannan ma'auni ya shafe shekaru da dama bai motsa ba duk da tsadar rayuwa, kuma kafafen intanet da yawa na biyan abin da bai kai haka ba ko kusa.

Lokacin biya ma ya bambanta. Wasu kan biya da zarar sun karɓi rubutun, wasu kuma sai an buga, abin da ka iya ɗaukar watanni.

Idan mujalla ta ba da aiki, aka yi, daga baya ta fasa bugawa, yarjejeniyar kan tanadi wani kaso da za a ba marubucin, wanda sau da yawa yakan kasance rubu'in kuɗin da aka yi alƙawari.

Batu mafi sarƙaƙiya shi ne haƙƙin mallaka. A da, mujalla kan sayi izinin buga labari karo na farko ne kawai, marubucin kuma ya sake sayar da shi a wata ƙasa ko ya tara a littafi.

A watan Yunin 2001, kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da Jonathan Tasini da wasu marubuta suka shigar da jaridar New York Times da wasu kamfanoni, inda ta ce ba a da ikon zuba rubutun masu zaman kansu a rumbunan bayanai na kwamfuta ba da izininsu ba.

Nasarar ba ta yi nisa ba, domin kamfanonin sun ƙara matsa wa marubuta su sa hannu a yarjejeniyar da ke miƙa dukkan haƙƙoƙi tun daga farko. Wannan ne ya sa ake gargaɗin kada a fara aiki sai an ga sharuɗɗa a rubuce.

Jinkirin biya ya yi ƙamarin da birnin New York ya kafa doka a kai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2017. Dokar ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya ga aikin da ya kai dala 800, da kuma biya cikin kwanaki 30 idan ba a sa wata rana ba.

Tafiyar kyauta

Tunda kuɗin labari guda ba ya cika biyan tikitin jirgi da masauki, hukumomin yawon buɗe ido da otal-otal da kamfanonin jiragen sama kan gayyaci marubuta su ɗauki nauyinsu.

A nan ne ake samun saɓani. Wasu na ganin ba yadda za a yi mutum ya ci abincin mai gida, ya kwana a ɗakinsa, sannan ya fito ya faɗi aibinsa.

Mujallar Condé Nast Traveler ta fara fitowa ne a ƙarƙashin edita Harold Evans da alƙawarin cewa marubutanta ba za su karɓi tafiyar kyauta ba. Jaridar New York Times ma ta yi suna wajen ƙin karɓar labarin tafiya daga wanda aka ɗauki nauyinsa.

Masu sukar wannan tsari kuma na cewa yana rufe ƙofa ga duk wanda ba mai hali ba ne, tunda mai kuɗi kaɗai zai iya biya wa kansa tafiya yana jiran abin da bai tabbata ba.

Kafafe da dama sun bi matsakaiciyar hanya, wato a karɓi gayyatar amma a bayyana wa mai karatu wanda ya biya. Abin da kowa ya yarda a kai shi ne marubuci ya sanar da edita tun a wasiƙar farko.

Gaskiyar abin da aka gani

Jarin marubucin tafiya shi ne amincewar mai karatu cewa ya je wurin da gaske. Shakku a kan haka tsoho ne. Masana sun gano cewa an kwafo wasu sassan bayanin Ibn Battuta kan Dimashƙa da Makka daga littafin Ibn Jubair, ana kuma tantamar ko ya kai wasu wuraren da aka ambata.

A zamanin nan hukuncin ya fi tsanani. A shekarar 2003 Jayson Blair ya bar aiki a New York Times, bayan an gano yana rubuta rahotanni daga garuruwan da bai taka ba, lamarin da ya yi awon gaba da kujerun manyan editocin jaridar biyu.

Manyan mujallu na da ma'aikata na musamman masu tantance kowane suna da adadi da magana kafin a buga. Don haka ake buƙatar marubuci ya adana littafin da yake rubuta bayanai, da muryoyin da ya naɗa, da rasiɗai, da lambobin waɗanda ya zanta da su.

Fasahar ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lamarin. A watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta ba da shawarar a karanta, alhali 10 daga ciki babu su a duniya, saboda marubuci mai zaman kansa da ya haɗa jerin ya dogara da na'ura.

A cikin wannan shekarar kuma, mujallar Wired da shafin Business Insider sun cire wasu labarai bayan sun kasa tabbatar da cewa akwai wadda aka sa sunanta a matsayin marubuciya. Sakamakon haka editoci sun ƙara tsananta bincike kan sababbin sunaye.

Wa ke ba da labarin Afirka?

Tun bayan fitowar littafin Orientalism na Edward Said a 1978, masana ke sukar yadda matafiyan Turai suka riƙa siffanta Musulmi da sauran al'ummomi a matsayin abin kallo.

A 2005, marubucin nan ɗan ƙasar Kenya Binyavanga Wainaina ya wallafa wata maƙala ta shaguɓe a mujallar Granta, inda ya yi ba'a ga baƙin da ba sa ganin komai a Afirka sai namun daji da yunwa da faɗuwar rana.

A shekarar 2018, editar National Geographic ta lokacin, Susan Goldberg, ta amsa a fili cewa mujallar ta shafe shekaru da dama tana nuna wariyar launin fata a yadda take gabatar da baƙaƙe da sauran al'ummomi.

'Yan Afirka sun daɗe suna mayar da martani da alƙalaminsu. Tété-Michel Kpomassie ɗan ƙasar Togo ya je tsibirin Girinlan mai ƙanƙara ya zauna da mutanensa, ya kuma wallafa labarin da Faransanci a 1981.

Noo Saro-Wiwa, 'yar marigayi Ken Saro-Wiwa, ta zagaya Najeriya ta rubuta Looking for Transwonderland a 2012, sai Emmanuel Iduma da ya fitar da A Stranger's Pose a 2018.

Wannan sauyi ya buɗe wata kafa, domin editoci da dama sun fi son wanda ke zaune a wurin, mai jin harshen jama'a, wanda kuma ba sai an saya masa tikitin jirgi daga Landan ba.

Matsalolin marubuci daga Afirka

Babbar matsala ita ce biza. Mai fasfon Birtaniya ko Jamus kan shiga ƙasashe da dama ba tare da neman izini ba, shi kuwa mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Sudan sai ya biya kuɗi, ya nuna takardun banki, ya jira makonni, kuma ana iya hana shi ba a mayar masa da kuɗinsa ba.

Akwai kuma batun tsaro. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ya nuna cewa ko hanyar da ake ganin ta fi aminci na iya zama tarko. Ma'aikacin jarida na da kamfanin da zai tsaya masa, mai zaman kansa kuwa sau da yawa ba shi da ko inshora.

Ɗaukar hoto kusa da barikin soja ko filin jirgin sama ko gada kan jawo kamu a ƙasashe da dama, wasu ƙasashen kuma na buƙatar takardar izinin aikin jarida ta musamman. Haka nan ladabi da ƙa'idar aiki sun buƙaci a nemi yardar mutum kafin a ɗauki hotonsa, musamman mata da yara.

Karɓar kuɗi daga waje ma sai an shirya masa, ta hanyar buɗe asusun ajiyar kuɗin ƙasashen waje, tare da sanin cewa bankuna za su zaftare nasu kason.

Halin da kasuwar ke ciki

Tun daga shekarun 2000 tallace-tallacen da ke riƙe da mujallu suka fara komawa intanet, shafuka suka ragu, kuɗin tafiya da ake ware wa marubuta shi ma ya ragu.

Annobar korona ta ƙara wa fannin rauni. Alƙaluman hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa masu ziyartar ƙasashen waje sun ragu daga kusan miliyan 1,500 a 2019 zuwa kimanin miliyan 400 a 2020.

Mujallun da ake ajiyewa a kujerun jiragen sama, waɗanda a da suke cikin masu saye da yawa daga masu zaman kansu, sun fi jin jiki. Kamfanin Delta ya daina buga tasa a 2020, American Airlines a 2021, sai United a 2024.

A watan Yunin 2023 kuma, National Geographic ta sallami ragowar marubutanta na dindindin, ta mayar da aikin hannun editoci da masu zaman kansu.

Yawon buɗe ido dai ya farfaɗo, inda adadin matafiya ya koma kimanin miliyan 1,400 a 2024, amma mujallun da aka rufe akasarinsu ba su dawo ba.

Saboda haka kaɗan ne ke rayuwa da rubutun tafiye-tafiye shi kaɗai. Yawanci sukan haɗa da fassara, ko koyarwa, ko ɗaukar hoto, ko shirye-shiryen rediyo da bidiyo, kuma shawarar da aka fi ba sabon shiga ita ce kada ya ajiye aikin da yake ci da shi har sai editoci sun fara nemansa da kansu.